Rana, Hayaƙi da Funfuna: Yadda Mahautan Miga Suka Adana Nama

A duk faɗin ƙasar Miga, daga Hantsu zuwa Zareku, daga Sansani zuwa Tsakuwawa, ba a taɓa yin mahaucin da ya ga funfuna a jikin namansa ya yi murna ba. Funfuna asara ce, kuma abin kunya ce ga mai sana'a, domin tana tona cewa ya yi ganda wajen shanya ko ya yi rowar itace. Sai ga shi a Italiya da Hangari da Sifen, mai sana'ar nama yana sayen funfuna da kuɗinsa, ya jiƙa ta a ruwa, ya fesa wa naman da ya rataye, ya zauna jiran ta lulluɓe shi fari fat. In ba ta fito ba, ransa ne zai ɓaci. Mahaucinmu da nasu kowa ya san aikinsa. Iskar da kowannensu ke shanya a cikinta ce ta raba musu hanya.

Ni jikan mahauta ne ta wajen uwa. Ban gaji wuƙa ba, boko ya janye ni, amma na tashi ina korar ƙuda da kaji daga gadon shanya, kuma abin da zan faɗa game da hukuncin mahauta a kan funfuna daga bakin kakana na ji shi.

Miga tsohon gari ne. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Migawa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, sarkin da aka ce a zamaninsa aka buɗe hanyoyin fatauci daga Barno zuwa Gwanja. Yau Miga ƙaramar hukuma ce a masarautar Dutse, cikin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. Abin da har yau yake nan tun wancan zamani shi ne kogin Haɗeja da fadamunsa. Da damina ruwa ya malale ƙasa, kifi ya bazu cikin gonaki da kududdufai. Da rani ruwa ya janye ya bar ɗanyar ciyawa, Fulani su gangaro da shanu. Saboda haka ƙasa ce da nama da kifi kan zo mata da yawa a lokaci guda, sannan su yi ƙaranci a lokaci guda. Duk wanda ke zaune a irin wannan ƙasa dole ya koyi ajiya.

Ka ɗauki sa guda da aka kayar a kasuwar ƙauye da hantsi, a tsakiyar bazara. Kafin gari ya waye naman da ya kwana ɗanye ya fara bashi. Wannan ne ya sa Sarkin Fawa ya zama mai faɗa a ji. Shi ke duba lafiyar dabba kafin a yanka, shi ke sanin kai nawa kasuwar ranar za ta iya cinyewa, shi ke hana kowa ya kayar son ransa har nama ya yi kwantai. Abin da ya rage bayan la'asar kuwa, wuta ce makomarsa ko rana. Tsire da balangu na ci ne yanzu-yanzu. Baturen nan Clapperton, wanda ya biyo ta Katagum ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya ba da labarin 'yan tsiren da ya gani kusa da mahauta a kasuwar birni, sun kewaye wuta da tsinkaye, tsoka da kitse a jere. Amma tsire ba guzuri ba ne. Falke mai tafiya Kukawa ko Gwanja, da alhajin ƙasa mai niyyar Makka ta Sudan, suna bukatar naman da zai yi wata da watanni a cikin jaka. Nasu shi ne banda da kilishi. Matan gida kuma suna da nasu, wato soyen layya da ake nutsar da shi cikin kitsensa a tukunya, a rataye a ragaya, da dambun nama.

Kilishi ya fi kowanne wuya, kuma a cikinsa aka fi ganin basirar sana'ar. Ba kowane nama ake yi da shi ba. Tsokar cinya ake nema, a cire mata kitse da jijiya tas, domin kitse ba ya bushewa, kuma shi ne ke fara maƙaƙi. Sai gwani ya zauna da wuƙa mai kaifi, ya riƙa warware dunƙulen tsokar yana juya ta a tafin hannunsa, har ta zama falle guda mai faɗi wanda in ka ɗaga shi za ka hango hasken rana ta ciki. Yaro kan yi shekaru yana huda nama kafin hannunsa ya faɗa. A shimfiɗa fallayen a kan gadon kara ko asabari, sama da ƙasa, inda iska ke bi ta ƙarƙashi. Da hunturu, 'yan sa'o'i sun isa su bushe ƙayau. Daga nan sai labu: tunkuzar gyaɗa da aka matse mata mai, a dama ta da ruwa, a zuba citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono da albasa da gishiri, kowane gida da nasa ma'auni da ba ya gaya wa maƙwabci. A tsoma busasshen naman ya sha, a mayar da shi rana ya sake bushewa, sannan a gasa shi sama-sama a kan garwashi marar hayaƙi. Shanya biyu, wuta ɗaya. Agadasawa a birnin Kano da Madawa a Nijar sun yi suna a kansa, amma tsarin ɗaya ne har a ƙaramar kasuwar ƙauyenmu.

Banda ta fi sauƙin hannu, ta fi cin itace. A yanka nama gunduwa-gunduwa, wani lokaci a ɗan tafasa shi, a jera a kan gado bisa wuta mai hayaƙi har ya yi baƙi ya ƙandare. Haka masunta ke yi wa tarwaɗa, su naɗe ta baki da wutsiya. Wannan sana'a ta samu babbar kasuwa bayan layin dogo daga Kano ya ratsa ta Ringim da Malam Madori ya isa Nguru a 1930. Nguru ta zama cibiyar banda, ana loda buhuna a jirgi zuwa Ibadan da Ikko, inda Yarabawa ke sa ta a miya. A shekarun farin 1972 zuwa 1974, da lokacin bushiyar 1983, makiyaya sun yi ta sayar da shanun da suka rame a kan araha, masu banda suka yi ta hura wuta. Amma buhun da aka ɗinke a busasshiyar iskar Arewa, in ya sauka a laimar bakin teku, sai ya fara jan danshi. A nan fataken banda suka san funfuna ciki da waje, domin ita ce ke karya musu farashi.

Kakana ba ya cewa nama “ya lalace” ya tsaya. Sai ya faɗi irin lalacewar. Akwai bashi, wato warin ruɓa daga ciki, wanda ba shi da magani. Akwai yauƙi da tsami, alamar an tara naman kafin ya sha iska. Akwai maƙaƙi, na kitse da man gyaɗa da suka tsufa. Akwai ƙwaro, mai mayar da banda gari. Sannan akwai funfuna, ita ma kashi-kashi.

Ta farko ita ce mai gashi, fara ko toka-toka, mai tashi sama kamar furfura. Tana fitowa cikin kwana biyu a kan naman da bai bushe ba, galibi a cikin marka, lokacin da rana ke yin kwanaki ba ta leƙo ba. Hukuncinta a wurinsa, laifin mai shanya ne, kuma sau da yawa in an fasa naman za a iske cikinsa ma ya tafi. Ta biyu fara ce mai laushi, a kwance a jikin banda. Wannan sai ya lakata da yatsa ya ɗanɗana, domin wani lokaci gishiri ne ya fito, ba funfuna ba. In funfuna ce, a goge da mai, a mayar kan hayaƙi. Ta uku kore ce mai ɗaukar ruwan ɗorawa, mai tashi kamar ƙura in an buga. Ta huɗu baƙa ce, ɗigo-ɗigo, mai shiga cikin tsoka. Waɗannan biyun na ƙarshe ba ya yarda a kai su kasuwa. “Kai, yaro, kar ka shinshina wannan,” in ji shi, in ya ga na kai hanci kusa da koren. Bai san sunanta a littafi ba, amma ya lura cewa tana son buhun da ya kwana a ƙasa, da tunkuzar da aka ajiye a ɗaki mai zafi.

Wannan rabe-rabe na ido da hanci da lokacin shekara ya yi daidai da abin da masana suka gano daga baya, har abin ya kan ba ni sha'awa. Ɗanyen nama kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da shi su ne mafi bukatar ruwa, da an ɗan busar da nama sun tsaya. Funfuna mai gashi, wadda masana ke kira Mucor da Rhizopus, ita ma mai son jiƙa ce, shi ya sa ta marka ce. Amma akwai jinsunan da ke jure fari, masu iya tsira a kan abin da hannu zai taɓa ya ce ya bushe. Kilishin da aka yi da kyau ruwansa kan sauka zuwa wajen kashi goma cikin ɗari, gishiri da yaji su ɗaure sauran, wuta ta kashe abin da ya sauka a kansa wajen shanya. Siranta falle da ake wahala a kai, dalilinta ke nan: ruwa ya gudu kafin wata halitta ta kafa gindi. Sana'ar gaba ɗaya tsere ce da funfuna, kuma rana da iskar hunturu suna bayan mahauci.

Mutanen Turai ba su samu wannan gata ba. Lokacin yankansu farkon sanyi ne, sama a rufe, iska a jiƙe. Ba su da ranar da za ta busar da nama a yini guda. Sai suka niƙa shi da kitse da gishiri, suka ɗura a hanji, suka rataye a ɗaki mai sanyi na makonni ko watanni. A ciki wasu bakteriya masu kawo tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su tsamar da naman su hana shi ruɓa. A waje kuma funfuna ta sauka, ko an so ko ba a so. Shi ne salami, wanda galibi da naman alade ake yi, ko da yake akwai na shanu, kuma Turkawa suna da nasu na shanu da suke kira sujuk. Da daɗewa masu yi suka lura cewa in farar funfuna ce ta riga kama fatar hanjin, naman ya fi kyau. Tana hana wajen ya ƙandare ya kulle ruwa a ciki, tana tare haske da iska daga kitse, tana rage tsami, tana ƙara ƙamshi, kuma tana hana koriya da baƙa samun wuri. A birnin Seged na Hangari, kamfanin Pick yana yin irin wannan tun 1869. Japanawa ma sun bi wannan hanya da kifi. Suna yi masa banda kamar tamu, sannan su bar wata funfuna mai jure fari ta kama shi, su shanya, su goge, su sake, har ya yi tauri kamar itace. Funfunar ce ke zuƙe ragowar ruwan da ke can ciki.

Wanda ya mayar da funfuna abokiyar aiki dole ya iya bambanta ta da 'yar'uwarta mai cutarwa, kuma daga nan ilimin rarrabe ta ya samu masu bukatarsa. A 1729 wani masanin tsirrai na birnin Fulorans, Micheli, ya duba funfuna a madubin ƙara girma, ya siffanta wadda ƙwayoyin irinta ke taruwa a kan dunƙulallen kai, ya kira ta Aspergillus. A 1809 Bajamushe Link ya ware wata mai kai kamar tsintsiya ya kira ta Penicillium, kuma shi ne ya sa wa koriya mai ruwan ɗorawa suna Aspergillus flavus. Waɗannan gidaje biyu su ne manya a harkar abinci, kuma sun raba duniya a tsakaninsu. Penicillium ta fi son sanyi, shi ya sa ita ce a ɗakunan naman Turai. Aspergillus ta fi son zafi, musamman flavus da ke bunƙasa a zafin da ya haura digiri 30, wato zafin ɗakin ajiyarmu. A Amurka, Charles Thom na ma'aikatar gona ya fara da funfunar cuku a 1904, ya wallafa babban littafinsa kan Penicillium a 1930, sannan shi da abokin aikinsa Raper suka fitar da wani a 1949. Hanyarsu ita ce a shuka funfuna a faranti, a auna faɗin da ta yi cikin kwanaki, a duba launinta sama da ƙasa, a ƙirga rassan kanta a madubi. Farar da masu salami suka fi dogara da ita, Penicillium nalgiovense, an siffanta ta a 1932, kuma a jikin cuku aka fara samunta a ƙasar Cek. Daga baya cibiyar binciken nama ta Kulmbak a Jamus ta zaɓi irin da ba ya fitar da guba, aka fara sayar da shi ga masana'antu a shekarun 1970.

Aikin bai zo da sauƙi ba ko a hannun gwanaye. Funfunar da ta faɗa farantin masanin nan Fleming a Landan a 1928, wadda aka samu maganin fenisilin daga gare ta, ta canja suna fiye da sau ɗaya, sai a 2011 binciken ƙwayar gado ya tabbatar da ita a matsayin Penicillium rubens. A 2015 masana a Italiya suka gano cewa wata funfuna da ta daɗe a jikin salami jinsi ce mai zaman kanta, suka sa mata Penicillium salamii. Akwai kuma Penicillium nordicum, mai son nama mai gishiri, wadda ido ba zai raba ta da sauran farare cikin sauƙi ba, amma tana fitar da gubar okaratoksin mai lahanta ƙoda. Ashe fari kaɗai ba shaidar lafiya ba ne.

Kada wani ya ɗauka cewa mu ba mu san sarrafa ruɓa ba. Iyayenmu mata sun san shi tun kafin a haifi Micheli. Mai daddawa takan dafa kalwa yini guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye a ƙwarya ko kwando ta bar ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, har ta yi yauƙi ta ɗauki warinta. Bakteriya ce ke wannan aiki, mai suna Bacillus subtilis, ba funfuna ba. In funfuna ta fito wa daddawa, an ce hannun mai ita bai yi kyau ba. Haka nono, haka tsamin gasara. A Sudan, inda dubban Hausawa suka zauna a kan hanyar hajji, ana tsamar da nama da kitse da ƙashi da gangan, har wani malamin ƙasar, Hamid Dirar, ya rubuta littafi guda a kan irin waɗannan abinci a 1993. Mu dai a nama ba mu bukaci haka ba, domin muna da rana.

Inda hukuncin kakana ya gaza, ba ta jikin nama matsalar ta shigo ba, ta cikin labu ta biyo.

Gyaɗa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta daɗe a gonakinmu kafin zuwan Turawa, amma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya mayar da ita dukiyar ƙasa. Daga 1912 aka shiga fitar da ita, aka yi dalar gyaɗa a Kano, su Alhassan Ɗantata suka yi arziki, kuma ƙasar da ake kira Jigawa yau tana cikin manyan masu nomanta. Mai ya wadata, tunkuza da ƙuli-ƙuli suka yi araha, mahauta suka ji daɗi. Sai a 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila cikin 'yan watanni. Aka bi sawu aka iske abincinsu ne, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Aka ƙara tonawa aka gano Aspergillus flavus ce ta fitar da guba a cikin gyaɗar, aka sa wa gubar suna aflatoksin. Hankalin masu sayen gyaɗar Najeriya ya tashi, masu bincike a Samaru ta Zariya suka duƙufa a shekarun 1960. Abin da suka gano manomi zai gane shi nan take. Gyaɗar da aka cire a kan lokaci aka busar da sauri galibi lafiya take. Wadda ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna, ko gara ta huda ɓawonta, ko fartanya ta fasa ta, ko aka tara ta da danshi, ita ce ke kamuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Halin wannan guba shi ne abin tsoro. Ba ta da wari, ba a ganinta, kuma tana nan ko bayan funfunar da ta haife ta ta mutu. Suya ba ta kashe ta, balle gashin sama-sama da ake yi wa kilishi. In aka matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama. Hanta take ci a hankali, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankarar hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a garuruwanmu. In ta yi yawa tana kisa kai tsaye. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu. Ke nan mahauci zai iya zaɓar tsoka mafi kyau, ya fere ta siririya, ya shanya a ranar hunturu, ya gasa, kilishi ya fito ja wur babu ɗigon funfuna ko ɗaya, alhali gubar tana cikin labun. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a bar yamutsattsiya da mai baƙin ciki a ce ta ƙuli ce. Talauci ne ke sa haka, ban ga laifin matar da ke neman na cefane ba, amma wannan ragowar ita ce ke komawa tunkuza, ta koma labu, ta koma yajin tsire, ta shiga bakin yaranmu.

Ga kuma abubuwan da zamani ya ƙara. Da a takarda ake naɗe kilishi, yana numfashi. Yanzu leda ce, kuma in aka ɗaure shi da sauran ɗumi, gumi ya taru a ciki, an gina wa funfuna ɗaki. Da sana'ar ta fi ƙarfi da rani, mahauci ya sassauta in marka ta kama. Yanzu masu saye a Abuja da Legas ba su san marka ba, oda suke bugowa a waya kowane wata. Ga ambaliya. Duk da madatsun Tiga da Challawa da ke can sama, ruwa ya ci ƙasar Miga a 2018, ya sake ci a 2022, ya shiga rumbuna da ɗakunan ajiya. Hatsi da gyaɗar da aka tsamo aka shanya a bakin titi, ba kowa ne ke da halin zubar da su ba.

Wani abin da ya ƙara nuna mini amfanin rarrabewa shi ne maganin da aka samo. Ita kanta Aspergillus flavus ba duka ke fitar da guba ba. A cikin jinsi guda akwai iri mai guba, akwai marar guba, kamanninsu ɗaya a ido har a madubi. Masana a cibiyar IITA ta Ibadan suka tattara irin marasa guba daga ƙasar Najeriya, suka ɗora su a kan ƙwayar dawa da aka gasa aka rina shuɗi, suka kira shi Aflasafe. Manomi ya watsa kilo 10 a hekta guda makonni biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure, marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Dabarar mai salami ce ta dawo gonar gyaɗa: ka kawo taka funfunar ta tare hanya. Kakana da zai ƙi yarda da farko, na sani, domin a wurinsa kore kore ce. Amma mutum ne mai gwada abu, kuma shi ne ya fara ce mini fari iri biyu ne, na gishiri da na funfuna.

Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, muna da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, maƙwabciyarmu, ga kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja. Abin da nake roƙon malamansu da ɗalibansu ba mai tsada ba ne. Su zo wurin Sarkin Fawa da shugabannin masunta, su zauna a tabarma, su fara rubuta sunaye da hukunce-hukuncen da dattawan sana'a ke yi wa kowace funfuna kafin masu sanin su ƙare. Sannan su ɗebi kilishi da banda da tunkuza daga kasuwannin Miga da Jahun da Gujungu da Shuwarin, wata bayan wata, da hunturu da bazara da marka, su shuka a faranti, su gaya mana wace ce wace, da Hausa, da hoto mai launi da za a manna a rumfar mahauta. A auna tunkuza musamman, domin akwai 'yan na'urorin gwaji da ke nuna aflatoksin cikin mintuna, kuma ƙungiyar mahauta guda za ta iya haɗa kuɗi ta saya.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ke hannun mai sana'a tun yau. Ya san matar da yake sayen tunkuza a wurinta, ya ga gyaɗar da idonsa kafin a soya, ya biya ƙarin kuɗin tsintacciya. Ya ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Ya bar kilishi ya huce sarai kafin ya shiga leda. Banda kuma in ta yi kore ko baƙi, kada a goge ta da mai a mayar kasuwa, kada a ba kaji ko saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta nono. A haƙa rami a binne ta.